Tushen Gini da Allon Soso: Abin da Ya Kamata Mai Gini a Gida Ya Sani

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon shugaban makarantar firamare, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara



Gabatarwa

Muna miƙa godiya ga kwamitin shirya taro saboda damar da ya ba mu ta yin magana a gaban wannan taro mai albarka. Mafi yawanku mazauna birane ne, wasu a Kano da Kaduna da Abuja, wasu a Legas da Fatakwal, wasu kuma a ƙasashen ƙetare. Duk inda ɗan garin nan yake, akwai buri guda da ba ya barin zuciyarsa, shi ne ya ga ya kafa gida a mahaifarsa, inda zai sauke iyalinsa da salla, inda kuma zai dawo ya zauna idan aiki ya ƙare. Sau da yawa kuɗin wannan gida tarin shekara goma ne ko ashirin, wani ma kuɗin sallamarsa daga aiki ne baki ɗaya. Dukiya irin wannan ba a wasa da ita.

Kowane sashe na gida yana gyaruwa cikin sauƙi, ban da guda ɗaya. Idan kwano ya yi yoyo, kafinta zai hau ya sauya shi. Idan fenti ya koɗe, a sake shafa wani. Amma abin da aka binne a ƙarƙashin ƙasa, aka ɗora masa bango da rufi, gyaransa sai an fasa daɓe, wani lokaci ma sai an rushe ɗaki. Saboda haka muka zaɓi mu yi magana a kan tushen gini, wato abin da magina ke kira fandishan, musamman a kan wata tambaya da ta fara yawo a tsakanin masu gini. Wasu 'ya'yanmu da ke zaune a ƙasashen Turai da Amurka sun ga yadda ake jera allunan soso a jikin tushe kafin a mayar da ƙasa, wasu kuma sun ga hakan a bidiyon wayar hannu, ko dillalan kayan gini sun tallata musu. Sai suke tambaya ko ya dace su sa a yi musu irin wannan a gida, kuma wane iri za su saya. Za mu bi maganar daki-daki, yadda aka saba a aji.

Mene ne allon soso?

Kowa a nan ya san farin soson nan mara nauyi da ake samu a cikin kwalin sabon talabijin ko firji, wanda idan aka karya shi yake watsewa ƙwaya-ƙwaya kamar dawa. Sunan sinadarinsa polistirin, kuma daga ɗanyen man fetur ake samo shi. Wanda ake gini da shi ɗan'uwan wannan ne, sai dai ya fi shi tauri da nauyi. Iri biyu ne suka fi shahara wajen aikin ƙarƙashin ƙasa.

Na farko shi ne wanda ake rubuta wa EPS. Kamfanin BASF na ƙasar Jamus ne ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1950. Ana hura ƙananan ƙwayoyi da tururi su kumbura, sannan a matse su a cikin mazubi su manne da juna. Kimanin kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce. Na biyu shi ne XPS, wanda kamfanin Dow na Amurka ya fara yi a shekarun 1940 da sunan Styrofoam. Shi narkar da sinadarin ake yi, a gauraya shi da iskar gas, a turo shi ta bakin inji ya fito allo guda mai santsi, babu ƙwayoyi. Yakan zo shuɗi ko kore ko ruwan hoda, amma launin alamar kamfani ce kawai, ba ya nuna inganci.

Aikin su biyun ɗaya ne, su tare hanyar zafi. Iskar da aka kulle a cikin ƙananan ramuka ba ta barin zafi ya ratsa da sauri, kamar yadda bargo ke yi a jikin mutum da hunturu. Kankare yana wucewa da zafi kimanin sau 40 zuwa 50 fiye da wannan soso. Wato allo mai kaurin santimita 5, inci biyu ke nan, yana tare zafin da sai kankare mai kaurin kusan mita 2 zai iya tarewa. Wannan gaskiya ce, dillalai ba su yi ƙari a kanta ba. Amma a lura da kyau, soso ba ya ƙara wa gini ƙarfi, kuma ba a yi shi domin hana ruwa shiga gida ba. Duk wanda ya ce muku zai hana danshi hawa bango, ko ya hana gini tsagewa, to ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Dalilin da ya sa ake binne shi a ƙasashen sanyi

Kafin mu kwaikwayi abu, ya kamata mu san matsalar da masu shi suka yi niyyar magancewa. A Kanada da Rasha da Norwe da Suwidin da Finlan da arewacin Amurka, sanyin hunturu yana daskarar da ruwan da ke cikin ƙasa. Idan ruwa ya zama ƙanƙara, girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari, ƙanƙarar kuma tana janyo ƙarin ruwa daga ƙasa tana kauri, har ta ɗaga duk abin da ke samanta. Idan ɗumi ya dawo ta narke, sai ginin ya sauka, kuma ba daidai yake sauka ba. Shekara kaɗan ana haka, bango ya dare. Shi ya sa a arewacin jihar Minesota ta Amurka doka ta wajabta a haƙa tushe zurfin ƙafa 5, kimanin mita ɗaya da rabi, domin a wuce inda ƙanƙara ke kaiwa.

Tun daga shekarun 1950 maginan ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan suka gano cewa idan aka lulluɓe gefen tushe da allon soso, aka kuma shimfiɗa wani a kwance kewaye da gidan, ɗumin cikin gida da na ƙasa zai tsaya a wurin ya hana daskarewa, sai a rage zurfin haƙa, a rage kuɗi. Daga baya Amurka ta shigar da wannan dabara cikin dokokin gininta a shekarun 1990. Dalili na biyu kuma, mutanen can suna kashe kuɗi mai yawa wajen ɗumama ɗakuna, da yawansu suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ba sa son ɗumin da suka saya ya zurare cikin ƙasa mai sanyi. Waɗannan su ne dalilan binne soso, kuma duka biyun sanyi ne ya haife su.

Yadda lamarin yake a ƙasarmu

Yanzu sai mu dawo gida. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari, sanyin dare a Kano da kewayenta yakan tsaya ne a wajejen digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salsiyas. Ƙasa ba ta daskarewa a nan. Dalili na farko ya faɗi ke nan. Damuwarmu ita ce bazara, watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40, a Sakkwato da Maiduguri ma ya wuce haka.

A nan ne abin lura yake. Idan aka nutsa 'yan mitoci cikin ƙasa, zafinta ba ya hawa da sauka kamar na iska, yana zama ne kusa da matsakaicin zafin shekara, wanda a yankin Kano bai wuce digiri 26 zuwa 27 ba. Wato a ranar da iskar waje take digiri 40, ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakinka ta fi ta sanyi nesa ba kusa ba, kuma daɓen ɗakin yana miƙa mata zafi tana shanyewa. Iyayenmu sun san wannan ba tare da ma'auni ba. Shi ya sa ake girke randa a cikin yashi, shi ya sa kuma idan bazara ta tsananta mutum yake sauka daga gado ya shimfiɗa tabarma a ƙasa. To, wanda ya shimfiɗa soso a ƙarƙashin daɓen ɗakinsa, ya raba ɗakin da wannan sanyi da yake samu kyauta. Ya kashe kuɗinsa, kuma ɗakin zai iya fin na maƙwabcinsa zafi. Ko gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki, ratar da ke tsakanin sanyin ɗakin da na ƙasa ba ta da yawa, ribar da soso zai kawo a wurin kaɗan ce idan aka gwada ta da kuɗinsa.

Maganar gara

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni, shi ne gara. Babu wanda ya tashi a garin nan da bai san aikinta ba, da ita da zago, kuma ga suri nan birjik a gonaki da filayen da ake yankawa fuloti. Gara ba ta samun abinci a jikin soso, amma tana huda shi cikin sauƙi ta mayar da shi hanya, domin yana da taushi, ga duhu, ga ɗan danshi a bayansa. A bangon da babu komai a jikinsa, idan gara za ta hau sai ta gina hanyarta ta jar ƙasa a fili, matar gida ta gani ta kankare, a nemo magani. Amma idan allon soso ya taso daga cikin ƙasa ya lulluɓe bangon, sai ta bi ta cikinsa a ɓoye, ba wanda zai farga sai ta kai ga ƙyaure da katakon silin da na rufi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan ƙofa ce mai gida ya buɗe da hannunsa.

Su kansu Amurkawa sun ga wannan. Dokar gina gidajen zama da yawancin jihohinsu ke aiki da ita ta hana sanya soso a jikin tushe ta waje a ƙarƙashin ƙasa a yankunan da gara ta yi yawa, irin su Filorida da Jojiya da Luwiziyana, sai fa idan ginin ba na katakon da gara ke ci ba ne, ko an ɗauki matakin kariya da hukuma ta amince da shi. Ta kuma ce a bar ratar aƙalla inci 6 tsakanin soso da ƙasa, domin ido ya riƙa ganin jikin tushe. Idan mutanen da suka ƙirƙiro abin sun yi masa iyaka a jihohinsu masu zafi, mu da muke zaune da gara shekara da shekaru mun fi cancanta mu yi hattara.

Inda soso ya zama dole

Kada a fahimce mu a baibai, ba cewa muke yi allon soso ba shi da wuri a ƙarƙashin ƙasarmu ba. Yana da wuri, kuma wurin yana da muhimmanci ga gari irin namu mai noman rani, shi ne ɗakin sanyi. Kowa ya san yadda tumatir da tattasai ke ruɓewa a kasuwa lokacin da kaya suka yi yawa. Ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa a kasuwannin Nijeriya tun daga 2015, sun nuna cewa ana iya rage wannan asara. Haka kuma allurar rigakafi, yawancinta tana buƙatar a ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. A irin wannan ɗaki lissafi ya juya, domin ƙasa mai digiri 27 ta zama ita ce mai zafi, tana turo zafinta ta daɓe dare da rana, na'ura tana ta wahala, batir yana ƙarewa da wuri. A nan soso a ƙarƙashin daɓe wajibi ne.

Ɗakin da ake daskarar da nama ko kifi a digiri 18 ƙasa da sifili kuwa, matsalar ƙasashen sanyi ce yake kawowa har gida. Sannu a hankali sanyinsa yana ratsa daɓe ya daskarar da ruwan ƙasar da ke ƙarƙashi, ta kumbura ta fasa daɓen, ko da kuwa a Sakkwato aka gina shi. Irin wannan ɗaki yana buƙatar soso mai kaurin santimita 10 zuwa 20, a ƙarƙashinsa kuma a bi da bututun iska ko wayar ɗumi. Duk ɗan ƙungiyar da ke da niyyar sa jari a wannan harka, ya riƙe wannan.

Yadda ake zaɓe idan buƙata ta kama

Abu na farko da za a duba shi ne ƙarfin ɗaukar nauyi. Allo na ƙwarai yana zuwa da lamba a jikinsa ko a takardarsa, kamar 100 ko 150 ko 200 ga EPS, 300 ko 500 ga XPS. Lamba 100 tana nufin sai an ɗora kimanin tan 10 a kan murabba'in mita guda kafin allon ya lotsa da kashi 10 cikin ɗari na kaurinsa. Sai dai ba a ɗora masa wannan nauyi duka, domin nauyin da ke zaune shekara da shekaru yana sa soso ya riƙa lotsawa a hankali. Injiniyoyi sukan tsaya a kimanin sulusin lambar. Soson kwalin talabijin ba shi da wuri a ƙarƙashin daɓe. Kuma kada a kuskura a sa kowane irin soso a ƙarƙashin ginshiƙi ko bangon da ke ɗauke da rufi, sai injiniya ya yi lissafi ya sa hannu.

Na biyu, shan ruwa. Soson da ya jiƙe ya rasa yawancin amfaninsa, kamar bargon da ruwa ya doka. A gwajin da ma'aunin Amurka ya tanada, inda ake nutsar da allo a ruwa na kwana guda, XPS ba ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, EPS kuwa an yarda masa kashi 2 zuwa 4, gwargwadon taurinsa. Shi ya sa a wuri mai danshi, kamar kusa da fadama, aka fi son XPS duk da tsadarsa. A tudu mai yashi, inda ruwa ba ya kwanciya, EPS mai tauri ya wadatar, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Amma idan aka bar su cikin ruwa shekaru, duka biyun suna sha. Saboda haka magudanar ruwa da tsakuwa a gefen tushe su ne gaba da zaɓen allo. Akwai wani iri na uku mai launin rawaya da takardar alminiyam a fuskarsa, wanda ya dace da rufi da bango, amma ba a so ya taɓa ƙasa.

Na uku, leda mai kauri. A ɗakin sanyi ana shimfiɗa ta ne ta ɓangaren da ya fi zafi, wato a ƙarƙashin soson, tsakaninsa da ƙasa, a haɗe bakunanta da kyau, domin tururin ruwa kullum daga zafi yake tafiya zuwa sanyi. Allunan kuma a jera su hawa biyu, gaɓar na sama kada ta faɗa a kan gaɓar na ƙasa, kamar yadda birkila ke jera bulo.

Na huɗu, abubuwan da ke lalata shi. Fetur da kananzir da man gas suna narkar da polistirin, shaida kuwa ita ce yadda ake jiƙa shi a fetur a yi danƙon toshe yoyon kwano. Haka kwaltar da aka sirka da irin waɗannan mayuka, da wasu magungunan gara masu mai a ciki. Wanda ya saba zuba baƙin mai a ramin tushe domin korar gara, ya sani cewa wannan da soso ba sa zama wuri ɗaya, kuma baƙin man yana gurɓata ruwan rijiya. Rana tana sa fuskar allon ta yi rawaya ta riƙa zubar da gari, kada a bar shi a fili makonni. Yana kuma kama wuta da baƙin hayaƙi mai cutarwa, saboda haka duk inda ya leƙo sama da ƙasa a rufe shi da filasta, a kuma bar ratar nan da za a riƙa duba gara.

Abokan gabar tushe na gaskiya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan muka zaga unguwanninmu, abin da za mu gani a jikin gidaje shi ne fenti yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, farin gishiri kamar kanwa yana fitowa a bango, filasta tana zubewa, wani wuri kuma tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta nufi ƙasa. Duk wannan aikin ruwa ne da irin ƙasar da aka yi gini a kanta. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, sun isa su tuna mana cewa ruwa ne babban abin tsoro. Kuɗin da za a kashe a soso, ga inda ya kamata a kai su.

A fara da sanin fili. A je a gan shi a watan Agusta, lokacin da damina ta nuna inda take kwana. A tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin matambayi ba ya ɓata. Baƙar laka mai darewa da rani, irin wadda ta yi yawa a sassan Barno da Adamawa da cikin fadamu, tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, tana wasa da gini kamar yadda ƙanƙara ke yi a Turai. Irin wannan ƙasa tana buƙatar gwaji da tushe na musamman mai rodi. A tone duk wani suri da kututturen itace da ke cikin filin, a haƙa har a wuce baƙar ƙasar sama a tarar da mai tauri.

Sai kankare. Awon da aka saba da shi a tushen ƙaramin gida shi ne siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida, inda kuma akwai rodi, ɗaya da biyu da huɗu. A yi awo da mazubi guda, ba da ido ba, yashin ya zama mai tsabta babu laka, kuma kada a cika ruwa don a ji daɗin kwaɓi. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, domin sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafi da shi. Bulon tushe a cike ramukansa da kankare. Ciko kuwa a yi shi da burji, a zuba kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana dannewa, kada a tura buhunan siminti da guntayen katako a ciki, abincin gara ne.

Daga nan a sa maganin gara mai rajista ta hannun wanda ya san aikin, a shimfiɗa leda mai kauri a kan cikon, bakunanta su hau juna, sannan a zuba abin da magina ke kira jaman fulo ya rufe har saman bangon tushe. Layin da ke hana danshi hawa bango ya kasance aƙalla inci 6 sama da ƙasar waje, a wurin da ruwa ke kwanciya kuma a ɗaga fiye da haka. A ƙarshe a yi dakali mai gangara kewaye da gida, a tabbatar ruwan indararo da na kwata suna tafiya nesa da bango. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Maginan gargajiya da suka riƙa shafe bango da makuba da laso, suna yin rufi da azarar giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, suna miƙa indararo ya zubar da ruwa nesa, ruwa da gara suke yaƙa. Da irin wannan sani ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda bakan gizonsa na ƙasa ke tsaye har yau.

Wanda ke son ɗaki mai sanyi ya dubi sama

A gida mara bene, mafi yawan zafi ta rufi yake shigowa, domin kwano da tsakar rana yakan wuce digiri 60. Wanda yake da kuɗin soso, ya shimfiɗa shi a kan silin, a nan ne zai ji bambanci tun daga bazarar farko. A rufe shi ta ƙasa da silin da ba ya saurin kama wuta, wayoyin lantarki kuma a bi da su ta cikin bututu, domin robar waya idan ta daɗe tana manne da polistirin takan bushe ta farfashe. A ƙara da kwano mai haske, da kafofin da iska za ta riƙa ratsawa tsakanin kwano da silin, da baranda, da itatuwa ta yamma da gida, nesa kaɗan da tushe saboda saiwa.

Kammalawa

'Yan'uwa, yawancin gidajen da kuke ginawa a nan ta waya ake gina su. A turo kuɗi, a turo hoto, mai gida bai zo ba sai an kai linta, alhali duk abin da muka lissafa ya riga ya shige ƙarƙashin ƙasa. Zuwa da kai ya fi aike. Muna roƙon kowa ya ɗauki hutun mako guda ya tsaya a kan aikinsa daga ranar haƙa zuwa ranar zuba jaman fulo. Wanda bai samu dama ba, ya wakilta mai sani kuma mai amana. A nemi injiniyan da ke da rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, ko magini mai rajista da CORBON, a kuma bi ƙa'idojin Kundin Gini na Ƙasa na 2006. Araha ba ta ado.

Muna kuma ba uwar ƙungiya shawara ta tattara sunayen 'ya'yan garin nan injiniyoyi da masu zanen gini da masu auna ƙasa, ta buga su a mujalla ta gaba, domin mai gini ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan kuma wata rana aka tashi gina ɗakin sanyi domin manomanmu, a tuna da allon soso, a zaɓe shi bisa lambarsa da yanayin filin.